Na'iya Dillalin Jaz

Duk wanda ya taɓa shiga karar tumaki a kasuwar Tambuwal ya san Na'iya dillali, in bai san shi da ido ba to ya san shi da kunne. Gajere ne mai faɗin murya, hularsa kullum a karkace, kuma tunda aka haife shi ba a taɓa kawo zancen da ya ce bai sani ba. In ana maganar jirgin sama, ya taɓa ba direban shawara. In ana maganar ciwon suga, shi ya fara gano shi a Jabo. Abu guda da ba a musa masa shi ne rago. Zai shafa gadon baya, ya buɗe baki ya dubi haƙora, ya ɗaga dabbar ya ji nauyi, ya gaya maka abin da ta ci shekaranjiya. Da nan ya tsaya, da an zauna lafiya.

Wata rana wani ɗan Dogon Daji mai aiki a Abuja, Malam Abdulhakeem, ya zo sayen rago, aka gama ciniki ya rage wa Na'iya hanya a mota. Suna tafiya sai wani irin kiɗa ya tashi, kamar an tara masu algaita an hana su gaisawa, kowa ya kama gabansa.

Na'iya ya ce, "Alhaji, rediyon ga taka lafiya take kau?"

"Lafiya lau. Jaz ke nan."

"Af, jaz! Ai tun daga nesa na gane shi, gwada ka nika yi."

Abdulhakeem ya yi dariya, ya ce shi abin da yake tarawa ke nan: tsofaffin faya-fayan garmaho na jaz, irin waɗanda ke zuwa da yawa cikin kwali guda. Ya ce wani lokaci a kan tsince su da araha a gidajen da ba a san darajarsu ba, alhali kwali ɗaya in mai wuyar samu ne sai ya sayi bijimi. Daga nan ya shiga bayani cewa sai fa cikakke, da kwalinsa da ɗan littafinsa na hotuna da rigunan takarda na faya-fayan, ba ƙwarzane ba lanƙwasa. Duk wannan bayani motar ce ta ji shi. Kunnen Na'iya ya riga ya tsaya cak a kan bijimi.

Da yamma ya isa majalisarsu ta bakin tasha, inda Sirajo mai tsire ke kafa tukubarsa, ya hau benci ya harɗe.

"Daga yau na bar tumaki. Jaz nika yi."

Sirajo ya ce, "Mi aj jaz kuma? Ci akai ko sha?"

"Ka ji matsalarku ke nan. Mutum ya tsufa cikin hayaƙi bai san duniya ba."

Haka Na'iya ya hau babur ya shiga zagaye, Jabo, Dogon Daji, har Fakku, yana tambayar tsofaffi ko akwai baƙin faifai mai huda a tsakiya. Ba shi da garmaho, bai taɓa jin ko ɗaya ya yi kiɗa ba, amma ya ce wannan aikin 'yan koyo ne. Shi sai ya ɗaga faifai ya ji nauyi, ya shinshina, ya ƙyasta masa farce ya kara a kunne, sannan ya ƙura wa layukan ido kamar haƙoran rago. In layukan sun matsu, ya ce yaro ne bai gama girma ba, a rage. Wani wuri ya ba da kaza, wani wuri igiyar ɗaure tunkiya. A Fakku wasu dattawa suka huda murfin baƙin bokiti suka miƙa masa, ya juya shi, ya gyaɗa kai ya ce, "Wanga jaz ɗin mutanen dauri na, shi ya sa ba shi da layi." Ya bar musu ƙwaryar goro, suka raka shi har bakin gari suna sa masa albarka.

Ana cikin haka matarsa Lauratu ta sauka. Bayan 'ya'ya mata, Allah ya kawo namiji. Tun cikin yana ƙarami ta sayi ɗan rago ɗan Uda, rabi fari rabi baƙi, ta yi ta kiwonsa da dusa da harawa don ranar suna, har ya zama in ya taka sai ka ji ƙasa ta amsa. Mahaifiyarta, Inna Ummulkulsum, ta zo daga Jabo zaman jego. Ita Inna tsohuwa ce mai riƙo da kunyar suruki: ba ta taɓa yi wa Na'iya magana kai tsaye ba. In tana da abin faɗi sai ta faɗa wa kajin gidan, shi kuma ya ba kaji amsa.

Ranar da aka haihu Abdulhakeem ya bugo waya, ya ce zai zo biki Dogon Daji, zai biyo ta Tambuwal ana gobe suna, in Na'iya ya samo masa faya-fayan jaz. Na'iya ya dubi tarinsa, babu ko ɗaya mai kwali. Sai ya tuna marigayi kawunsa na Kebbe, wanda ya yi wa wasu Turawa masu haƙa rijiyoyi kuku, da za su tafi suka bar masa adaka. Adakar tana hannun ɗansa Dawuda, taubashin Na'iya.

Bai jira ya ga adakar ba. Ya wuce majalisa ya ɗaga murya yadda har 'yan kamasho za su ji.

"Ku shaida! Ɗan Na'iya ba a yanka mai rago awa ɗiyan kowa. Bijimi za a kayar ƙofar gidana ranar suna!"

Sirajo ya ce, "To Allah shi sa ba bijimin murfin bokiti ba na."

Washegari da hantsi ya kwance ragon Lauratu. Inna tana hura wutar ruwan jego, ta dubi kaji ta ce, "Ku kaji, ina za a da ragon ga?"

Na'iya ya durƙusa ya dubi zakara. "A gaya ma Inna likitan dabbobi za shi duba shi, tari shika yi."

"Kaji, ni ban ji tari ba."

"Tarin ciki na. Sai dillali ka jin irinai."

Ya aza ragon a gaban babur ya ɗaure, suka kama hanyar Kebbe. Kafin su isa ragon ya cinye gefen hularsa, ya kuma jiƙa masa wando har sau biyu.

Dawuda yana gyaran rumbu ya hango su. Ya sauko yana tafa hannu.

"Lale da bawana! Yau ka tuna da ubangidanka har da gaisuwar rago?"

"Wa ab bawanka? Ɗauko adakar Kawu, alheri nik kawo ma."

Aka jawo adaka daga ƙarƙashin gado. Kawu mutum ne mai adana, ya naɗe kowane kwali cikin tsohon zane. Kwalaye ne masu kauri, fes da su, da hotunan baƙaƙen mutane cikin kwat suna busa ƙahoni. Cikin kowanne ga ɗan littafi, ga faya-fayai jere cikin rigunan takarda. Kayan sun yi wa Na'iya, amma dillali ba ya nuna so. Ya yatsine fuska, ya ɗaga wannan, ya shinshina wancan.

"Sun rame. Ba a kula da su ba."

"To mai da su."

"Tsaya mana. Don zumunci in ba ka kaza biyu."

"Albarka."

"Da agwagwa."

"Albarka. Ragon ga nika so."

Dama don haka aka zo da shi, amma sai da Na'iya ya tashi ya hau babur, ya sauko, ya sake hawa, ya rantse da cewa an cuce shi, sannan ya miƙa igiya.

Dawuda ya riƙe igiyar ya dube shi. "Bawana, wanga ba ragon suna ba na? Lauratu ta sani?"

"Bijimi za ni kai mata. Kai dai riƙe ɗan ragonka."

Yana ɗaure kaya sai Dawuda ya miƙo masa wani kwali da ya rage a gindin adaka, siriri, har yanzu a liƙe cikin ledarsa, ba a taɓa buɗe shi ba.

"Ga gyara."

Na'iya ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya mayar. "Ka gani, nan aka gane gwani. Babu nauyi. Kuma in da abin kirki na, da Turawan sun buɗe sun ji. Abin da mai shi yaƙ ƙi taɓawa ni za ka liƙa ma? Tokare ƙafar gado da shi."

Duk hanyar komawa yana dariya shi kaɗai, yana tausayin Dawuda.

Da ya iso gida Lauratu ta ɗaga murya daga ɗaki. "Maigida, ina ragona?"

"An ba shi gado. Sun ce a bar shi shi huta."

"Rago aka ba gado?"

"Asibitin zamani na, ke dai ji da jego."

Lauratu ta koma kan jaririnta; da Na'iya mai hankali ne, da ya tsorata.

Da gari ya waye Na'iya ya shiga gyaran kaya, don a kara ba a kai dabba gaban mai saye sai an gyara ta. Ya fara da zazzage faya-fayan duka a tabarma. Kwalayen ya ce ai buhu ne, kuma ba a taɓa sayen gero don buhu ba. Ya jera su bayan rumbu, kaji suka shige suka fara gwada wurin ƙwai. Littattafan ya aika wa Sirajo ya naɗe tsire, don ya san cewa masu jaz ba su da rowa. Rigunan takardar kuwa ya tara ya ajiye kusa da murhu.

Inna ta ce, "Kaji, ku yi godiya, yau an samu abin kunna wuta mai kyau."

Na'iya ya ji daɗi ƙwarai. Tunda ya auri Lauratu ba a taɓa yabonsa gaban kaji ba.

Sai wanka. Ya jawo ruwa a rijiya, ya kawo soso da sabulu, ya bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya yana dirza kamar bayan rago. Da ya ga layukan sun ƙi fita, ya ce dattin shekaru ne ya kafe, ya haɗa da toka da ɗan yashi. Takardun da ke liƙe a tsakiya masu ɗauke da suna suka jiƙe suka saɓule. Ya ce madalla, dama shaidar tsohon mai su ce, ba a sayar da dabba da alamar wani. Ya gauraya su da tsofaffin tarinsa, ya ware manya gefe guda, masu ƙyalli gefe guda, sannan ya kafa tsani ya shanya su bisa kwanon ɗaki. Bazara ce, irin wadda ƙadangare ke gudu da ƙafa uku. Ya tafi kasuwa abinsa.

A kasuwa ya nemi Malami mai shanu, ya zaɓi wani farin bijimi mai tozo kamar tulu. Suka shirya Malami zai kawo shi bakin tasha ana gobe suna, ya tsaya da igiya a hannu; da baƙon Abuja ya sallama, igiya ta koma hannun Na'iya.

Da la'asar ya hau tsani ya leƙa, sai ya kusa faɗowa. Wani faifan ya koma kasko, wani ya naɗe kamar kunnen tunkiya, wani ya bi ramukan kwanon ya yi tudu da kwari. Murfin bokitin Fakku ne kaɗai ya fito yadda ya shiga.

Inna ta ɗaga kai. "Kaji, waina za a toya bisa ɗaki?"

"A gaya ma Inna miƙa sukai. Jaz in ya sha wanka sai ya yi miƙa."

Abin da ya lanƙwashe guga ke gyara shi, wannan kowa ya sani. Ya cika dutsen guga da garwashi, ya shimfiɗa farar babbar rigarsa ta suna don kada faifan ya ɗauki datti, ya aza faifai a kai ya danna. Wani wari ya tashi kamar an ƙona taya. Da ya ɗaga dutsen, rabin faifan ya biyo shi yana zare kamar alewa, rabin ya zauna daram a bayan rigar, baƙi, zagayayye, har da hudarsa a tsakiya.

Lauratu ta ce daga ɗaki, "Mi ka ƙuna?"

"Turaren mutanen Abuja na!"

Ya bar guga ya koma danni. Ya jera wasu a ƙasa ya kirawo maƙwabta suka ɗora buhun gero. Aka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taunar ƙashi. Waɗanda suka tsira ya shafe su da man gyaɗa don su yi sheƙi, ya rufe a kwando. Kafin safe kiyashin unguwar duka sun zo barka.

Ana gobe suna, bayan la'asar, bakin tasha ya cika. Labarin bijimi ya zagaye gari, har masu facin taya sun rufe sun zo kallo. Malami na tsaye da farin bijiminsa. Na'iya ya shimfiɗa darduma, ya jera hajarsa, yana korar kiyashi da gefen hula yana yi wa jama'a lacca kan bambancin jaz mai tozo da marar tozo.

Motar Abdulhakeem ta tsaya. Aka gaisa, aka ba shi benci, Na'iya ya daka wa Sirajo tsawa ya kawo wa baƙo tsire mai zafi. Baƙo ya buɗe ƙunshin, ya kai yanka ɗaya baki, sai ya tsaya da tauna. Ya karkaɗe ƙuli-ƙulin da ke kan takardar. Ga wani mutum da ƙaho a baki, mai ya jiƙe masa kwat, albasa ta rufe masa ido ɗaya.

Baƙon ya ce, "Malam, ina ka samo wannan takardar?"

Sirajo ya ce, "Na'iya yab ba ni. Takarda ta ƙwarai, Alhaji, ba ta yoyo. Kwanakin ga duk da ita nika sallamar mutane."

"Sauran fa?"

"Sun bi masu tsire."

Abdulhakeem ya dafe kai. "Shekara da shekaru ina neman wannan kwalin. Na'iya, ina kwalayen?"

"Buhunnan? Suna gida, kaji na ciki. In kana so in ba ka gyara, amma guda sai an ƙyanƙyashe."

"Rigunan takardar?"

"Sun yi aikin lada, ruwan jego anka dafa. Alhaji, bar zancen shara, ga kaya nan dubi. Taɓa nan ka ji mai!"

Baƙon ya ɗauki faifai ɗaya, ya sulluɓe masa, ya cafe, kiyashi suka hau hannun rigarsa. Ya juya shi gaba da baya.

"Wa ya yi wannan? Ina sunan?"

"Na wanke. Yanzu duk sunan da kaka so sai ka sa mai."

Jama'a suka fara matsowa. Wani ya ce tunda an taru, a sa a ji. Abdulhakeem ya ce ba zai yiwu ba, Na'iya ya ce tsoron tsada ne ya sa yake kushewa, dabarar masu saye ce, ya san ta tun yana yaro. Don a raba gardama baƙon ya ɗauko wata 'yar garmaho mai batir daga bayan motarsa, ya zaɓi faifan da ya fi dama, ya ɗora allura.

Faifan ya fara juyawa yana hawa da sauka kamar babur a hanyar Fakku. Aka ji shuuu, aka ji ƙurrr, sai wani ƙaho ya ja dogon kuka ya shaƙe, ya sake ja ya shaƙe, allura ta zame cikin man gyaɗa ta yi tsalle ta dawo, ƙahon ya sake kukan daga farko.

Wata tsohuwa mai sayar da fura ta ce, "Wayyo, ku taimaki akuyar ga, haihuwa ta zo mata gardama!"

Na'iya ya lumshe ido yana kaɗa kai. "Kun ji? Nan ne daɗin yake."

Bijimin Malami bai yarda ba. Ya kafe kunnuwa, ya yi gurnani, ya fizge igiya ya nufo inda kukan ke fitowa. Majalisa ta watse. Ya bi ta kan darduma, faya-fayai na fashewa a ƙarƙashin kofatonsa, ya ture benci, ya ɗauki tiren Sirajo da ƙaho, tsire ya yi sama ya sauko kan jama'a. Na'iya bai san lokacin da ya haye rufin wata motar haya ba. Sai da majiya ƙarfi suka taru aka kama dabbar a bayan masu faci.

Da ƙura ta lafa, abu ɗaya ne ya rage lafiya a kan dardumar. Na'iya ya sauko ya ɗauke shi, ya kaɗe, ya miƙa wa baƙo da hannu biyu.

"Alhaji, wanga shi na babbansu. Dubi ko bijimi bai iya da shi ba."

"Wannan murfin bokiti ne."

Dariyar da aka yi har a kara an ji ta. Malami ya naɗe igiyarsa a hannu ya ce shi ya ga jaz, ya gode. Abdulhakeem ya shiga mota, ya sake leƙowa kamar mai tambayar inda aka binne wani nasa.

"Ko ɗaya ba ka bari da kwalinsa ba?"

"Sai wani ramamme can Kebbe wurin Dawuda. Ko buɗe shi ba a taɓa yi ba, shina cikin leda. Ni nik ƙi shi da kaina."

Bai rufe baki ba motar ta yi ribas, ta juya, ta miƙe hanyar Kebbe ko sallama babu.

Ranar suna bayan sallar asuba ƙofar gidan Na'iya ta cika maƙil, don wanda bai zo don zumunci ba ya zo ganin abin da za a yanka. An raba goro da dabino. Na'iya ya fito cikin farar babbar riga, don ba shi da wata, ya zauna ya manna bayansa da bango. Turke kuwa ga shi nan wayam, sai busasshiyar harawa.

Liman ya yi gyaran murya. "Malam Na'iya, ina dabbar?"

"Tana bisa hanya, Allah gafarta Malam."

Sirajo ya ce, "Daga Abuja?"

Daga cikin gida aka ji muryar Inna, tar da ita, ta manta da sassautawa. "Kaji, ku ɓoye. In an rasa rago kanku za a komo."

Sai muryar Lauratu a bayanta. "Inna, ce ma kajin su gaya mai, in rana ta fito ba a yanka ragona ba, Jabo za a ƙarasa jegon ga, ni da ɗana."

Maza suka sunkuyar da kai suna kallon goro. Na'iya ya kasa zama. Ya tashi don ya leƙa hanya, ya manta da bango. Duk taron suka ga baƙin faifai zagayayye a tsakiyar bayansa. Wani daga baya ya ce a kawo allura a ɗora a ji. Liman kansa sai da ya rufe baki da rawani.

Ana cikin haka aka ji kukan rago daga kan kwana. Ga Dawuda tafe cikin sabuwar shadda, yana jan ɗan Uda rabi fari rabi baƙi. A bayansa ga Malami da farin bijimin jiya.

Na'iya ya yi tsalle. "Kun gani! Ban ce muku ba? Ga bijimi ƙofar gidana!"

Dawuda ya ce, "Sannu bawana. Bijimina na. Ramammen kwalin da kac ce in tokare gado da shi, shi Alhaji yag gani yar rungume ni awa ɗan'uwanai, kuɗin da yab ba ni su nis sayi bijimin ga. Cikin motatai munka zo da ragon. Na ce a biyo da bijimin ta nan shi gaishe ka, tunda kai ka zaɓe shi. Ka iya zaɓen dabba, wanga ba a musu."

Na'iya ya yi abin da bai taɓa yi ba a tarihin Tambuwal. Ya matso ya rage murya.

"Dawuda, ɗan kawuna, ba ni igiyar ragon ga."

"Ragona? Ai musaya munka yi, har ka rantse an cuce ka."

"Ka ji abin da Lauratu tac ce."

"Na ji, tun shekaranjiya tab bugo min waya. Na kawo mata shi kyauta. Abu guda nika so: a yi min takwara."

"Haba! Kullum in tashi in kira sunanka cikin gidana?"

"Har ka goya ni. Har in yi ma fitsari bisa riga."

Na'iya ya dubi gabas, gefen sama ya fara ja. Ya dubi turke, ya dubi ƙofar gida inda aka jingine wata jakar kaya da bai lura da ita ba sai yanzu. Ya ja ƙafa ya durƙusa gaban liman ya raɗa masa a kunne.

Liman ya ce, "Ban ji ba."

Ya sake raɗawa.

"Malam Na'iya, kai da aka jin ka daga kara?"

"Dawuda!" in ji Na'iya, har bijimin ya zabura.

Aka shafa fatiha, aka kayar da rago, guɗa ta tashi a cikin gida. Malami ya juya da bijimi suka kama hanyar Kebbe, Na'iya ya bi tozon da kallo har ya ɓace.

Kafin azahar matan unguwa sun riga sun laƙaba wa jaririn Ɗan Jaz, kuma shi ya bi shi. Faifan da ya koma kasko, wanda aka bari a gida, Lauratu ta liƙe hudarsa da ƙaro ta mai da shi abin ba kaji ruwa.

Da yamma Na'iya ya je majalisa, ya hau abin da ya rage na benci ya harɗe.

"Ku faɗi gaskiya don Allah. Na ce jaz za shi kawo bijimi ƙofar gidana ranar suna. Ya zo ko bai zo ba?"

Sirajo yana bubbuga lotsattsen tirensa da dutse ya ce, "Ya zo. Ya yi barka ya wuce."

Da ya koma gida ya tarar da Inna tana zuba ruwa a faifan, kaji sun kewaye ta.

"Ku sha a hankali," in ji ta. "Kwanon ga da kuka gani, rago guda anka ba da kanai."